Tsiro ya fito wa maigidana a gaba, ni kuma ina da cikin wata biyar

Maman Biyu, Agege:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimake ni, abin ya hana ni barci. Ina da ciki, a katin awo an rubuta mako 22. Kimanin wata guda ke nan wasu 'yan tsiro suka fito wa maigidana a gabansa, huɗu ko biyar, ba zafi ba ruwa, sai ɗan ƙaiƙayi jefi-jefi. Samansu ba sumul ba ne, kamar kan farin kabeji. Ya sayo wani magani mai ruwan ƙasa a 'yar kwalba, an rubuta Podophyllin a jiki, yana ɗigawa da auduga. Shekaranjiya wajen wanka sai na ji irinsu guda biyu ƙanana a bakin gabana. Ya ce in shafa nasa tun ba su yi yawa ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba, ban shafa ba tukuna.

Shin abin nan zai taɓa abin da ke cikina? Wata ta ce mini mai irin wannan sai dai a yi mata aiki, ba ta haihuwa da kanta. Gaskiya ne? Kuma in shafa maganin ko in bari? Na gode, Allah ya saka.

Ungozoma, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin yi daidai da ba ki shafa ba, kuma kada ki bari ko ɗigo ɗaya ya taɓa ki har ki sauka. Aikin Podophyllin shi ne hana ƙwayoyin halittar jiki rabuwa su ƙaru, ta haka yake kashe tsiron. To fatar gaban mai ciki tana da laushi, jini ya cika ta, tana tsotse magani ya shiga jini fiye da ta wadda ba ta da ciki. Shi kuwa ɗan tayi, girmansa gaba ɗaya ta wannan rabuwar ƙwayoyin yake yi. An samu matan da aka lafta wa maganin nan da yawa suna da ciki, ɗan ya mutu a ciki ko naƙuda ta taso kafin lokaci, ita uwar kuma ta kamu da amai da mutuwar gaɓoɓi. Saboda haka a yanzu kwalbar nan ta fi tsiron haɗari a gare ki. Ko shi maigidan, ranar da ya shafa kada ya kusance ki.

Yadda kika kwatanta ya yi kama da tsiron da ƙwayar cutar HPV ke kawowa. Ƙwayar iri-iri ce, sun haura ɗari, kowace da lambarta. Lamba 6 da lamba 11 su ne ke kawo kusan tara cikin goma na tsiron al'aura, kuma ba su ne masu kawo sankarar bakin mahaifa ba. Waɗancan su ne irin lamba 16 da 18. Na faɗi wannan ne don mata da yawa da zarar sun ji an ce HPV sai su ɗauka an yanke musu hukuncin kansa.

Amma kwatance a rubuce ba ya isa. Sai an gani da ido, domin akwai abubuwan da ke shigar burtu su yi kama da shi. Wanda ya fi damun mu a ɗakin awo shi ne tunjere. A mataki na biyu yakan fito da wasu tsiro a gaba da gefen dubura, sai dai nasa shimfiɗaɗɗu ne, masu danshi, fari-fari ko toka-toka, ba su da kan nan mai gargasa. Idan tunjere ne aka yi ta shafa maganin tsiro, cutar na nan tana ratsa mabiyiya zuwa ga jariri, ita kuwa tana kawo ɓari, da haihuwar ɗa ba rai, da jariri mai ciwo. Maganinta kuma mai sauƙi ne, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, ma'auni miliyan 2.4, sau ɗaya in cutar sabuwa ce, sau uku mako-mako in ta daɗe ko ba a san lokacin da ta shiga ba. Ana so a gama ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, ki ga ke nan lokaci na da muhimmanci.

Don haka kada ki jira ranar awonki ta zagayo. Ki je cikin makon nan, ki ce wa nas kina son a duba ki a keɓe. Ki tafi da kwalbar maganin a nuna wa likita. Ki nemi gwajin tunjere, a takarda za ki ga an rubuta VDRL ko RPR, da na HIV, da na ciwon hanta nau'in B. Ko an yi miki su ranar da kika buɗe kati, a sake, domin watanni sun wuce kuma ga sabon abu ya fito. Shi ma maigidan a yi masa ukun. Za a kuma sa ƙarfen dubawa a leƙa ciki a ga ko akwai tsiron a bangon farji ko bakin mahaifa, wanda ke ba za ki ji shi da hannu ba. Wannan dubawar ba ta taɓa ciki, ba ta jawo ɓari.

In asibitin unguwa kike awo, za su iya tura ki babban asibitin Orile-Agege ko Ayinke House, sashen haihuwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, duk ba nisa daga wajenku. Ki nemi mace ta duba ki in hakan ya fi miki sauƙi, ba wanda zai ga laifinki.

Mai Haɗa Magunguna, Mile 12:

Hajiya ungozoma ta gama magana a kan mai ciki. Bari in ƙara sunaye, don in an hana wannan kwalbar wani zai kawo wata ya ce ai wannan ta waje ce, ba ta da illa. Warticon da Condyline an tace su ne daga sinadarin Podophyllin ɗin, haramcinsu ga mai ciki ɗaya ne. Man shafawa na Aldara shi ma ana ajiye shi sai bayan haihuwa. Duk wani man da aka ce yana "cinye" tsiro, in ba likitan da ya san kina da ciki ne ya rubuta ba, a bar shi. Haka maganin tsiron hannu da na ƙafa da ake sayarwa, mai asid ne da aka yi don fata mai kauri, a gaba ƙuna kawai zai bari.

Na gida kuma sun fi yawa: tafarnuwa dakakkiya, kanwa, man goge baki, ruwan batir, ɗaure tsiron da zare, yanka da reza, agbo (jiƙon gargajiya) na sha da na matsi. Ƙwayar ba a cikin tsiron kaɗai take ba, tana cikin fatar da ke kewaye da shi wadda ido ke gani lafiya lau. In aka ƙona ko aka yanka, an buɗe mata sabuwar ƙofa, sai guda biyu su dawo goma a kan layin ciwon. Ga mai ciki kuma wurin na zubar da jini sosai. Aski da reza shi ma yana yaɗa shi. A rage gashi da almakashi, a kauce wa tsiron.

Sai maigidan. Podophyllin ba maganin da mutum zai riƙa ɗiga wa kansa a gida ba ne, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya shafa. Ƙarfinsa kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari ne, sau ɗaya ake sawa a mako, ba a wuce rabin mililita a zama ɗaya, faɗin wurin kada ya haura santimita murabba'i 10. Ana shafa basilin a fatar da ke kewaye, a ɗiga a kan tsiron kaɗai, a bari ya bushe kafin a mayar da wando, a wanke da sabulu bayan awa ɗaya zuwa huɗu. Ba a sa shi a kan ciwo ko tsiron da ke jini. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ga kwana biyu bai faɗi ba, sai ya koma shafawa safe da yamma, ya kwana da shi. Ƙarshenta fatar ta saɓule, gyambo ya buɗe, ga kumburi, har fitsari ya zama aiki.

In likita ya ga ya dace ya yi magani a gida, akwai mai tsari. Irin su Warticon ana shafawa sau biyu a rana kwana uku a jere, a huta kwana huɗu, a maimaita har zagaye huɗu in bai tafi ba. Aldara sau uku a mako da daddare, a wanke bayan awa 6 zuwa 10, ana iya kaiwa mako 16. Shi Aldara yana raunana kwaroron roba, a kiyaye. Amma a gidan da matar ke da ciki, ni na fi ganin a cire wa mijin nasa a asibiti kawai, kowa ya huta da fargabar magani ya gogu a jikinta. Kuma in yana shan sigari ko shisha ya rage ko ya bari, domin tsiron ya fi jinkirin tafiya a jikin mashayi.

Likitan Mata, Ikeja:

'Yar'uwa, zan ɗauki tambayoyinki biyu, ta jariri da ta aiki.

Da farko ki san abin da zai iya faruwa a watannin da suka rage, don kada ki firgita. Ciki yana sassauta garkuwar jiki, ga yawan danshi da jini a gaba, shi ya sa tsiron kan ƙara girma da yawa, ya yi taushi, wani lokaci ki ga ɗigon jini a wando in ya gogu. Wannan ba alamar cewa ya rikiɗe ya zama mugun abu ba ce. Bayan haihuwa da yawa sukan yanƙwane da kansu cikin makonni ko 'yan watanni, wasu matan kafin su gama wankan jego ma sun ragu. Duk da haka, jini a lokacin ciki ba a yi masa fassara a gida. Ko kina ganin daga tsiron ne, a duba a tabbatar.

Ƙwayar da ke kawo tsiron nan a fata take zaune, ba ta yawo a jini yadda tunjere da HIV ke yi, kuma ba a san ta da nakasa halittar jariri ba. Haɗarin da aka sani guda ɗaya ne: jariri na iya ɗaukar ta a kusa da lokacin haihuwa, bayan wani lokaci irin tsiron ya fito masa a maƙogwaro, a kan igiyoyin murya. Abu ne mai wahalar sha'ani in ya faru, don sai an riƙa shiga ana cirewa yana dawowa. Amma ba kasafai yake faruwa ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka buga a 2003, ya samu kusan yara 7 cikin kowane 1,000 da iyayensu mata ke da tsiron lokacin ciki. Ma'ana fiye da 990 ba abin da ya same su. Binciken ya kuma nuna cewa fiɗa ba ta kare yaran ba, sannan naƙudar da ta haura awa goma ta ninka haɗarin.

Wannan ya kawo mu maganar da aka gaya miki. Ba a yi wa mace aiki don kawai tana da tsiro. Dalili biyu ne ke sa mu zaɓi fiɗa: in tsiron ya yi girman da ya tare hanyar da kai zai fito, ko in ya yi yawa da taushi har muna tsoron yagewa da zubar jinin da ɗinki ba zai kama ba. Guda biyu ƙanana a baki ba su kai nan ba ko kusa. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki haihu a asibiti, inda za a lura da tsawon naƙuda, kuma in ana bukatar ƙari a san inda za a yanka a kauce wa tsiron. Ki sa a rubuta a katinki, don wadda za ta karɓi haihuwar ta sani tun kafin ki hau gado.

Maganin da ya halatta ga mai ciki duk a hannun likita yake. Akwai daskararwa da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ana taɓa tsiron na 'yan daƙiƙu har ya yi fari, ya yi bororo, ya faɗi. Ana maimaitawa bayan mako ɗaya ko biyu. Akwai asid ɗin TCA mai ƙarfin kashi 80 zuwa 90, ana ɗiga kaɗan a kan tsiron har ya yi fari kamar an barbaɗa gari, mako-mako. Shi a wurin yake aikinsa ya tsaya, ba ya shiga jini, kuma in ya zarce kan fata mai lafiya ana kashe kaifinsa da garin soda na girki (baking soda) ko sabulun ruwa nan take. Manya kuma ana yi wa wurin allurar kashe zafi a yanke ko a ƙone da na'urar lantarki. Ba kowane asibiti ke ajiye naitirojin ba, an fi samunsa a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da LASUTH ko wajen likitocin fata.

Ko a yi maganin yanzu ko a jira, wannan ya danganta da abin da aka gani. Ƙanana da ba sa damunki, barin su ana dubawa a kowane awo hanya ce mai kyau, domin cire su bai tabbata yana rage wa jariri haɗari ba. In suna girma da sauri, ko suna jini, ko suna hana ki fitsari da zama, a cire tun da sauran makonni, wurin ya warke kafin naƙuda.

Bayan haihuwa ki shayar da ɗanki, nono ba shi da matsala. Abin lura a shekarun farko, musamman daga biyu zuwa biyar, shi ne muryar da ta dishe ta ƙi komawa, kuka mara ƙarfi, ko numfashi mai ƙara wajen jan iska. Irin wannan akan yi ta ba shi maganin asma ko na mura ba sauƙi. A kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a gaya masa uwar ta yi tsiro lokacin cikinsa.

Maman Biyu, Agege:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ji sanyi. Na ɓoye kwalbar, gobe in sha Allahu zan je. Saura abu biyu da na ji nauyin faɗa da farko. Ina da abokiyar zama a gida Arewa, yakan je duk bayan wata biyu ko uku. Ita ma sai an yi mata magani? Sannan Anti ungozoma, ni fa shekara tara da aure ban taɓa ganin wannan abu ba. Daga ina ya fito? Zuciyata na ta saƙa mini abubuwa.

Ungozoma, Idi-Araba:

Ƙanwata, na san inda zuciyarki ta tafi. Gaskiya ta hanyar haɗuwar fata da fata wajen kwanciya ake ɗaukarsa, ba ta masai ko buta ko kwanon abinci ba. Amma ba shi da agogo. Galibi tsiron kan fito wata biyu zuwa uku bayan ɗauka, wani mako uku, wani wata takwas, wani kuma ƙwayar ta kwanta shiru a fata shekaru, sai ranar da jiki ya yi rauni ta ɗago. Mutum na iya ɗauke da ita bai taɓa ganin tsiro ko ɗaya ba, ya kuma ba wani. A gidan da mutum uku suke, kuma wataƙila wani a ciki ya taɓa aure a baya, babu likitan da zai iya nuna wanda ya fara kawo ta ko shekarar da ta shigo. Babu gwajin jini da ke nuna ta, maza kuma ba su da wani gwaji da aka amince da shi, ido ne kawai. Wanda tsiron ya fara fito wa ba lallai shi ne ya fara ɗauka ba. Ban ce ki rufe ido ba, amma tsiron shi kaɗai ba hujja ba ne a kan kowa. Sakamakon gwaje-gwajen nan uku ne abin da ya kamata ku zauna a kai, ku biyu.

Abokiyar zamanki ya kamata ta sani, kuma shi ya dace ya gaya mata, ba ke ba. Ta je a duba ta, a yi mata gwaje-gwajen da za a yi muku. In ba ta da tsiro, babu abin sha ko na shafawa da za a ba ta, domin maganin tsiron ake yi, ita ƙwayar garkuwar jiki ce ke share ta, a mafi yawan mutane cikin shekara biyu. In tana da ciki ko tana zaton akwai, gargaɗin kwalbar nan ya hau kanta ita ma, a tabbatar bai tafi mata da ita tsaraba ba.

Maganar shimfiɗa kuwa, a dakata muddin akwai magani a jikinsa ko wurin da aka cire bai warke ba. Bayan nan kwaroron roba yana ragewa, amma bai rufe ko'ina ba, gindin gaba da maraina da matsematsi suna waje. Tunda ke ma ya riga ya fito miki, amfaninsa a yanzu ya fi ƙarfi wajen rage gogar da ke sa jini da kare ki daga wata cutar daban har a ga sakamako. Kada kuma ku karaya in an cire ya dawo. Ya saba dawowa a wata ukun farko, ba wai wani ya sake shafa wa wani ba ne.

Likitan Mata, Ikeja:

Ƙari kaɗan. In abin da ya fito ya zama ƙuraje masu ruwa da ke fashewa su bar ciwo mai raɗaɗi, wannan wata cuta ce daban, hafis, kuma hukuncinta wajen haihuwa daban ne, ita takan sa a yi fiɗa in ta tashi lokacin naƙuda. Ki faɗa wa likita in ke ko shi kun taɓa ganin irin haka.

Rigakafin HPV ba a yi wa mai ciki, kuma ba ya warkar da tsiron da ya riga ya fito. Bayan kin haihu za ki iya tambaya, ke da abokiyar zamanki, don yana kare mutum daga nau'o'in da bai ɗauka ba tukuna. A lura da suna: Gardasil ya ƙunshi lamba 6, 11, 16 da 18, shi kuwa Cervarix 16 da 18 kaɗai, ba ya hana tsiro. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta sa Gardasil cikin rigakafin gwamnati kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kuma Legas na cikin jihohin da aka fara da su. In cikin 'ya'yanku akwai mace da ta kai tara, a kai ta cibiyar lafiya ta unguwa.

Ke kuma idan kin koma asibiti duba na mako shida bayan haihuwa, ki nemi a sa miki ranar gwajin bakin mahaifa in ba ki taɓa yi ba. A wannan zuwan ne kuma za a sake duba tsiron, in akwai saura a zaɓa miki magani, ki faɗa musu kina shayarwa kafin a rubuta.